Fitilar da take juyowa

Shekarun baya mahaifiyata ta zo London aka yi mata aikin gwiwa. Likita ya ce sai ta yi wata uku tana zuwa gashin ƙashi kafin ta hau jirgi, in ba haka ba ƙafar za ta sandare.

A lokacin na sayi wata fitilar falo mai dogon wuya. Duk wanda ya yi magana sai ta juyo da kanta wajensa, in an yi shiru ta sunkuya, haskenta ya ragu. Ni da son burga, duk baƙon da ya shigo flat ɗinmu na Thamesmead sai na sa shi ya yi mata sallama. Hajiya kuwa ranar farko a'uziyya ta yi. In za ta yi salla sai ta yafa mata ɗankwali, wai ba ta son mai kallo.

Sati uku da aikin ta ce in yi mata booking, gida za ta koma. Na kawo maganar likita, ta ce gwiwar ta ƙarasa warkewa a Kano. Raina ya ɓaci. Ga ɗumi, ga tuwo, me kuma ya rage?

Wata Juma'a na dawo daga masallacin Regent's Park ban koma aiki ba, sai na ji ta tana hira a falo. Na leƙa. Ashe fitila take ba labarin yadda mahaifina ya fara zuwa zance gidansu da keken aro. Fitilar ta karkato, haske ya cika mata fuska.

Na kwashe da dariya. "Hajiya, ai ba ta jin komai."

"Na sani, ba zautuwa na yi ba," in ji ta. "Amma ita tana juyowa. Kai in ina magana wayarka kake kallo, yara su ce 'yes Granny' su shige ɗaki."

Na kashe wayar, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "To Hajiya, ya aka ƙare da keken?"

Ta cika wata ukunta cif, ta shiga jirgi da ƙafarta.

Na kai ta wajen likitan da ya fi kowa, na ɗauka na gama biyayya. Har yau kunya nake ji in na tuna cewa uwata ta yi sati uku a gidana tana neman wanda zai dube ta.