Ranar da Aka Yi wa Bahijja Ta'aziyyar Kanta

Hajiya Bahijja a unguwar Ambassatna aka haife ta, cikin gidan fatake da suka zauna a garin tun zamanin Faransa. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, kuma duk amaryar da aka kai a layinsu da kwalbarta take tafiya. Mijinta, Yunusu, dillalin shanu ne a unguwar Farcha, can gefen gari. Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai ƙara aure ba, har mata na yi wa mazajensu gori da shi. Da ya rasu, ba ta bari Juma'a ta wuce ba tare da ta soya masar shinkafa ta raba sadaka da sunansa ba.

Abin da ta gada daga mahaifinta fili ne a Farcha. Yunusu ya karɓi kula da shi tun suna sabon aure, ya ce garke ya yi a wurin, kashin shanu da ƙuda ba wurin mace ba ne. Ba ta taɓa zuwa ba. Bayan ta fita takaba ta yanke shawarar sayar da filin, har ta sami mai saye.

Ana cikin haka ɗan ƙanenta, Ikrima, wanda ke shirya fim da abokansa suna sawa a intanet, ya roƙi aron tsakar gidanta. Labarin na 'yan'uwa ne da ke rigimar gado bayan rasuwar uwarsu, kuma zaman makoki suke so su ɗauka.

"Gwaggo, ke ma ki zauna cikin mata. Fuskarki ta dace da makoki."

"Ta ubanka ta fi dacewa," in ji ta, amma ta ɗauko lafayarta ta lulluɓa.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, 'yan wasa suka fara kuka suna kiran Hajiya. Wani mai kilando, wato ɗan acaɓa, da ya wuce ya ga rumfa ya ji sunan, bai tsaya tambaya ba. Kafin la'asar labari ya isa Farcha cewa matar marigayi Yunusu ta bi mijinta.

Bahijja na zaune a gefe, ta rufe rabin fuska, sai wata dattijuwa ta shigo ta zauna kusa da ita. Ta ɗauka cikin 'yan wasa ce, har ta ce a ranta wannan ta iya kuka.

"Allah ya jiƙan rai," in ji baƙuwar. "Ke 'yar'uwarta ce?"

"Kusa muke ƙwarai."

"Ni Mariama, daga Farcha. Ban taɓa ganinta ba. Yunusu ya rantsar da ni kada in tako gidan nan tana raye, na kuwa cika masa. Yanzu tsorona magada. An ce za a sayar da filin da muke ciki, ni da ɗansa. Wa zan gani a cikinku?"

Bahijja ta duba inda matar ta nuna. A bakin zaure wani saurayi ne tsaye, ya karkatar da kafaɗar hagu yana murza kunne, yadda Yunusu ke yi in ciniki ya ƙi faɗawa.

"An ɗaura muku aure?"

Mariama ta sunkuyar da kai. "Kullum cewa yake sai ya ga hali."

"Shanun fa?"

"Wane shanu, 'yar'uwa? Ɗaki biyu ne da rijiya."

Daidai nan Ikrima ya ce "Kupe," wato a tsayar da ɗauka, masu kuka suka yi tsit, ɗaya ma ta nemi a miƙo mata shayi. Mariama ta bi su da kallo baki buɗe. Bahijja ta sauke lafayar daga fuskarta.

"Ni ce mamaciyar," ta ce. "Na karɓi gaisuwarki."

Matar ta yunƙura za ta tashi. Ikrima ya matso yana tambaya ko wannan baƙuwar za ta yarda a sake ɗaukar kukanta daga kusa.

Washegari Bahijja ta hau mota zuwa Farcha, ta ga gadon ubanta a karon farko. Akwai bishiyar lemo da ta girma har ta haura katanga. A jikin ƙusa, cikin ɗaki, ga rigar Yunusu mai ruwan toka, wadda ya ce mata an sace a wurin wanki. Saurayin, Zakariya, ya durƙusa ya gaishe ta, bai san da wane suna zai kira ta ba.

Mai saye ya yi ta zarya, ta sallame shi. Ta tara dattawan gidansu ta faɗa a gabansu cewa filin nata ne, Yunusu ba shi da ko taku ɗaya a ciki, don haka ba wanda zai gaje shi ta wajensa. Mariama da ɗanta su ci gaba da zama, ba haya, ladan kuwa na mahaifinta ne shi kaɗai.

Har yau tana haɗa turare, kuma ranar Juma'a tana soya masar sadaka. Yaran layi sun lura cewa sunan da take cewa a yi wa addu'a ya canza, ya koma na mahaifinta. Fim ɗin Ikrima ya fito, ba ta kalla ba.