Ranar da Muka Kwashe Rumbun Kawu

Kamfanin da na yi wa aiki ya fara ne da kamara ɗaya da babur ɗaya. Maigidanmu yakan ɗauki bikin aure da suna da dawowar alhazai, ya zuba a kaset ya kai wa masu hidima. Da abin ya ɗan yi ƙarfi sai ya kama ɗaki biyu a Maradi, ya rataya allo a ƙofa, ya ce buro ne, wato ofis. Daga nan aka shiga wasan kwaikwayo, irin wanda ake manna wa malamin makarantar boko gemun auduga a ce shi ne tsoho, sai tallan shayi da na sabulu. A lokacin na shigo, don an ce muryata tana da daɗi. Aikina shi ne karanta bayani a kan hoton da aka ɗauko.

Mun yi abin kirki sau ɗaya, ba zan ɓoye ba: shirin manoman Agiye da ke barin ƴaƴan gawo su tashi cikin gona maimakon su sare su. Har yau in na gan shi ba na kawar da kai. Bayansa ne masu ba da aikin shirye-shiryen agaji suka gano mu, su kuwa abin da suke so daban ne. Fuska a yamutse, tukunya a kife, ƙuda a bakin jariri. Maigida ya ƙware a wannan har ya zama in ya shiga ƙauye ya tarar da mutane cikin ƙoshi sai ransa ya ɓaci. Na taɓa ganin shi yana korar wata akuya daga gaban kamara, wai ta yi ƙiba da yawa. Dariya na yi ranar, kuma yanzu dariyar ce ta fi ba ni ƙyama.

Wata bazara aka ba mu aikin shiri kan ƙarancin abinci. Ƙarancin gaskiya ne, mun kuma ga rumbunan da ba kome cikinsu wajen Cadakori. Sai dai masu su sun ƙi a ɗauka, ga su ƙanana, sun karkace. Maigida babban rumbu yake so, mai kyan gani, wanda za a leƙa a ga wayam. Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce kawuna yana da irinsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin hatsi da aya a wani ƙauye kusa da Cadawa. Rumbunsa uku, kuma duk garin an san bai taɓa barin ko ɗaya ya ƙare ba. A wajenmu mai rumbu kaɗai ke sanin abin da ke cikin rumbu, ko matansa ba sa leƙawa, kuma ba a barin ido ya ga gindinsa. Wanda aka ga ƙasan rumbunsa asirinsa ya tonu ke nan. In damina ta yi tsakiya, abinci ya yanke wa mutane, gidan Kawu ake zuwa a zauna a zaure ana ta gaisuwa, shi kuma ya gane, ya sa a fitar da dami ba tare da an furta ba. Wannan shi ne girmansa, ba shi da wani.

Da muka isa ya yanka mana zabi, saboda baƙin ɗan ƙanwarsa ne. Maigida ya ce muna so mu nuna wa duniya yadda ake shimfiɗa ƙasan rumbu don kada gara ta hau. Kawu ya dube ni.

"Kai, ɗan nan, haka ne?"

"Haka ne, Kawu."

"To. In don mutane su koya ne, babu laihi. Amma a maida mani hatsina yadda aka iske shi."

Na san ƙarya ce. Na dai gaya wa kaina cewa wa zai gane rumbu ɗaya cikin rumbunan ƙasar nan.

Muka ɗage jinkar, muka yi ta fitar da dammuna muna jerawa bayan katanga inda kamara ba ta gani. Na can ƙasa har sun yi duhu don daɗewa. Maigida ya roƙi Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya sa ta gona, wai don a ga manomi sosai. Ya tsayar da shi jikin rumbun, ya ce ya ba mu labarin yunwar da ya gani yana ƙarami. Kawu ya iya labari. Ya faɗi yadda aka ci dussa da ganyen daji, yadda uwarsu ke ɗora tukunyar ruwa zalla don yara su yi shiru, har muryarsa ta yi rawa.

A buro aka yanke inda ya ce yana ƙarami. Aka haɗa sauran da hoton rumbun babu ko zangarniya. Sannan aka ba ni takarda, na gyara murya, na karanta cewa ga dattijon da bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba. Sau biyu na karanta, don maigida ya ce na farkon bai ji tausayi ba.

Shirin ya fita a talabijin, daga nan ya shiga wayoyin mutane. Masu aikin suka yaba, maigida ya ce shi ne gwanin shirye-shiryenmu. Ni kuwa inna ta aiko mini cewa in je in ga yayanta.

Na same shi da hantsi a zaure shi kaɗai, ga damina ta yi nisa. Ya amsa gaisuwata kamar kullum. Na ce zan tara mutane in faɗi gaskiya, ko ya buɗe rumbun kowa ya gani.

"In buɗe in nuna mi? In ce ku zo ku ga ina da shi? Wannan aikin marar kunya ne. Na hwaɗa masu hatsina na nan, sun ɗauka ƙarfin hali nike. Yau kwana nawa ba wanda ya zo. Ga yunwa cikin gari, ga hatsi, amma kunyata suke ji."

Muna cikin haka wata tsohuwa ta yi sallama. Maƙwabciyarsa ce, mijinta ya rasu, jikoki huɗu a hannunta. Ta durƙusa, ta zare ƙwarya daga cikin mayafi ta ajiye gabansa. Hatsi ne, bai fi tiya guda ba.

"Malam, ba yawa. Mun gani cikin waya. Ashe kai ma kana cikin hali kana ta ba mu. Ka yahe muna, ba mu sani ba."

Na dubi Kawu. In ya mayar mata ya kunyata ta, in ya karɓa ya ci abincin marayu. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya sa mata albarka, ta tashi ta fita tana share ido.

Ya turo ƙwaryar gabana da yatsa.

"Ɗauka ka kai ciki," ya ce. "Kai ka roƙo mani shi."