Kawu Kwalbati da Hanyar da Ba Mai So

Matso kusa, jawo wannan kujerar, rana ta yi sanyi. Yau labarin kawuna zan ba ka, ƙanin mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Kawu Kwalbati, har waɗanda suka girme shi.

Ɗan kwangila ne, amma kada ka hango mai dalleliyar mota da ofis mai sanyi. Ofishinsa ɗaki ne guda a bayan shagon mai faci. Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai juyawa tana gunaguni, sai taswirar hanyoyin jiha manne a bango, wadda rana ta shanye launinta. Dukiyar kamfanin tana waje ƙarƙashin bishiya: wata tsohuwar tifa da ake kira Gwaggo, don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, idan kuma ta tashi sai kowa a layin ya sani.

Ka san yadda ake samun aikin hanya? Ma'aikatar ayyuka takan liƙa sanarwa a allo, kowane ɗan kwangila ya rubuta farashinsa, ya rufe a ambulan, ya jefa cikin akwati. Ranar da aka sa, a buɗe akwatin a gaban kowa. To, gaban allon nan kullum cike yake da manya masu ƙamshin turare, kafaɗa na gogar kafaɗa, suna karanta aikin gadoji da tagwayen titunan cikin gari. Kawu bai taɓa kutsawa cikinsu ba. Yakan zagaya can ƙarshen allo, kusa da taga, inda ƙusa ta yi tsatsa, takarda ta fara naɗewa. A nan ake liƙa ƙananan ayyuka na nesa: kwalbati, magudanar ruwa, gyaran kafaɗar titi. Takardar da ba mai tsayawa a gabanta, ita yake nema.

Idan ya samo ta, ba ya gaggawar lissafi. Sai ya je tasha ya hau motar haya, ya zauna gefen taga, ya lumshe ido. Musamman da damina yake son wannan tafiya. Yana cikin gyangyaɗi zai ji direba ya sassauta, fasinjoji sun yi shiru, ruwa na lasar ƙasan mota. Nan zai ce a sauke shi. Ya naɗe ƙafar wando, ya bi ruwan da ido ya ga inda ya fito da inda yake son zuwa. Ranar da ma'aikata ta kira masu sha'awar aikin su zo duba wuri kuwa, sawun taya yake dubawa a cikin laka. In ya ga sawu da yawa, ya juya gida. In sawun motar ma'aikata ne kawai, sai ka ga murmushi ya ɓullo ta ƙarƙashin gashin bakinsa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce, “Mutane na bin inda ake rububi, kai kana bin inda kuraye ma suka yi ƙaura.”

Shi kuma ya ce, “Uwar yara, inda ake rububi ƙafa ake takewa. Ni kuwa takalmina ɗaya ne.”

A haka ya ciyar da gidansa shekara da shekaru. Bai taɓa gina abin da za a ɗauki hotonsa ba. Duk ayyukansa a ƙarƙashin kwalta suke, motoci na wucewa a kansu ba su sani ba. Amma in yana ba mu labarinsu da yamma, sai ka rantse 'ya'yansa ne da ya aurar a garuruwa masu nisa. Wannan tana gindin tudu, awaki na fakewa a cikinta. Waccan tana tsakiyar fadama, kwaɗi sun mai da ita makaranta.

Sai wata shekara ta zo a karkace. Ma'aikata ta fara haɗe ƙananan ayyuka cikin manya, ƙarshen allo ya zama fili. Gwaggo ta tsaya ƙarƙashin bishiya har ciyawa ta tsiro a gindin tayoyinta, kazar mai faci ta fara ƙwai a ƙarƙashinta. Wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya soma zagayowa, yana ƙwanƙwasa jikin tifar da makulli, yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.

Inna ba mai tsanani ba ce, amma ita ke riƙe da tukunya. Wata safiya ta ce masa, “Malam, in damina ta ɗauke ba aiki, sai dai a sallami Gwaggo. Ba za mu dafa taya ba.”

Kawu bai musa ba. Ya dai san abin da hakan ke nufi. Ɗan kwangilar da ba shi da ko motar ɗaukar yashi, ma'aikata ba ta ƙirga shi cikin masu kayan aiki. Ranar da Gwaggo ta tafi, kamfanin ya tafi.

Ana tsakiyar damina, sai ga takarda a ƙarshen allo. Kwalbatoci ne a wata babbar hanyar jiha da ta bi ta bayan tsaunuka, can inda taswirar Kawu ta koɗe har ba a ganin layin sosai. Ya hau mota ya tafi.

Da ya dawo, kwana biyu yana magana kamar wanda bai gama farkawa ba. Ya ce hanyar shiru take, har tsuntsaye na sauka su yi yawo a kan kwalta. Hazo na kwanciya a tsakanin duwatsu da hantsi, mota ta shiga cikinsa ta ɓace, sai ƙararta. Ruwa na gangarowa daga tudu ya tsallaka titi a hankali kamar tsohuwa mai zuwa gaisuwa. Abin da bai gaya wa kowa ba sai Inna shi ne, ya bi wani rafi a ƙafa ya tarar da yashi mai kyau shimfiɗe a bayan wani lanƙwasa, gaba kaɗan kuma ga tsakuwa. Duk wanda ya duba aikin daga ofis zai ɗauka daga gari za a yi ta jigilar kaya, ya ga ba riba, ya haƙura. Ranar duba wuri, sawun motar ma'aikata kaɗai ya gani.

Ya rubuta farashinsa, ya jefa ambulan.

Ranar buɗe akwati ya sa rigarsa mai guga, ya zauna a babban zauren ma'aikata shi kaɗai a layin kujeru. Magatakarda ya buɗe akwati, ya zura hannu, ya fito da ambulan ɗaya. Ya sake lalubawa, ya karkata akwatin, ya leƙa. Ba komai. Zuciyar Kawu ta yi fari. Tun yana saurayi yake mafarkin irin wannan rana, aikin da ba abokin takara ko ɗaya.

Magatakarda ya miƙo masa ambulan ɗin a rufe yadda ya kawo shi.

“Baba, ka yi haƙuri. Ƙa'idarmu, ba a buɗe ambulan in shi kaɗai ne. Da wa za mu gwada farashinka? Za a sake liƙa sanarwa. In aka kuma samun kai kaɗai, sai a ɗage aikin a haɗa shi da babbar kwangilar baɗi.”

“Wato laifina shi ne ba wanda ya zo?”

“Ba laifi ba ne, Baba. Ka dai yi nisa da yawa.”

Da ya ba da labari a gida, Inna ta yi dariya har ta share ƙwalla, sannan ta tuna da mai sayen ƙarafa.

“Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana gudun mutane,” in ji ta, “yau kuma mutum kake nema ido rufe.”

Direban Gwaggo, wani dattijo da suka daɗe tare, ya kawo shawara cikin raɗa. “Maigida, ai abin mai sauƙi ne. Surukinka yana da takardun kamfani. Ya jefa ambulan na rakiya, ya rubuta farashi har sama, shi ke nan mun zama biyu.”

Kawu ya girgiza kai. “In na yi haka, duk ranar da na bi ta kan kwalbatin nan sai na kau da kai. Ni abokin takara na gaske nake so.”

Mutum ɗaya ne ya faɗo masa a rai. Sun koyi aiki tare a hannun wani tsohon birkila, daga baya kowa ya kama gabansa, suna haɗuwa a gaban allo suna yi wa juna tsiya. Ana kiransa Agogo, don ba ya gama gaisuwa bai duba tsintsiyar hannunsa ba. Kawu ya same shi a ofishinsa, waya a kunne, wata a hannu.

“A'a, sarkin ramuka,” in ji Agogo. “Yau kwaɗi sun ba ka hutu?”

“Sun aiko ni in gaishe ka. Aiki na kawo maka.”

“Kai? Kai da ko inuwarka ba ka gaya wa inda za ka?”

Kawu ya kwashe labari ya gaya masa. Agogo ya duba agogo, ya taɓe baki.

“Na ga takardar. Wa zai ɗauki yashi daga nan zuwa bayan duniya? Kuɗin mai kaɗai ya cinye ribar. Ka nemi wani mahaukacin.”

Nan Kawu ya ga cewa ba abin da zai motsa mutumin nan sai abin da ya ɓoye. In ya nuna masa yashin da tsakuwar, Agogo zai shiga, kuma yana iya kayar da shi. In bai nuna ba, akwati zai sake haihuwar ambulan ɗaya. Ta ko'ina Gwaggo na bakin rami.

“Gobe ka zo mu je,” in ji shi. “Akwai abin da zan nuna maka.”

A cikin Gwaggo suka tafi, bayan an kwashe ƙwan kazar an tura ta ta tashi. Agogo ya yi mita tun daga bakin gari: kujera ta soke shi, ƙofa ba ta rufuwa, wayarsa ta daina kamawa. Da suka fara hawan tsaunuka sai mitar ta ragu. Hazo ya buɗe musu ya rufe a bayansu. Direba ya kashe inji a gefen hanya, shiru ya sauko kamar an lulluɓe su da bargo. Suka bi rafin a ƙafa, Kawu a gaba, har lanƙwasar nan.

Agogo ya durƙusa ya damƙi yashin, ya murza, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe a haka. Kawu ya ce tun da ya san shi, ranar ce kawai ya ga ya yi zama guda bai duba hannunsa ba.

“Mutumina,” in ji Agogo a hankali, “ka san in na shiga, da gaske zan shiga. Ba zan raga maka ba.”

“Shi ya sa ban je wurin surukina ba.”

“Kuma in na ci, tsohuwar nan taka sai mahauta.”

“Na sani. Ka dai daina faɗa a gabanta, tana ji.”

Ranar buɗe akwati ta biyu, su biyu ne a layin kujeru, da kujera ɗaya a tsakaninsu. Magatakarda ya fito da ambulan biyu, ya yage na Agogo ya karanta. Farashin ya sauko ƙwarai, Agogo bai yi wasa ba. Aka yage na Kawu. Ya fi sauƙi da ɗan kaɗan, tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba. Agogo hayar tifa zai yi, Kawu kuwa yana da Gwaggo. Ita ta ceci kanta.

Agogo ya miƙe, ya duba agogo, ya ce, “Ka ɓata mini yini biyu da takalmi ɗaya. Allah ya sa alheri.”

Da rani ya shigo Gwaggo ta koma bayan tsaunuka, tana tari tana ɗibar yashi. Mai sayen ƙarafa ya zo ya tarar da gurbin tayoyi kawai a cikin ciyawa. Inna ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ya gaida gida.

Sai dai Agogo ba ya iya riƙe magana. Ya ba da labarin hazon da yashin a gaban allo, ya ba da shi a wurin cin abinci, ya ƙara masa gishiri. Damina ta gaba da Kawu ya zagaya ƙarshen allo, kusa da taga, sai ya tarar da mutane tsaye a wurin, kafaɗa na gogar kafaɗa, har da masu ƙamshin turare. An ma canja ƙusar mai tsatsa. Wani ya juyo ya tambaye shi ko ya san motar da ake hawa zuwa bayan tsaunuka. Ya gaya masa.

Yanzu ya tsufa, Gwaggo ma haka, amma suna nan. Ayyukan nesa sun yi masa wuyar samu fiye da dā. In ka leƙa ofishin da hantsi za ka same shi tsaye gaban taswira, fanka na gunaguni, yana bin layin da ya koɗe da ɗan yatsa har inda takarda ta ƙare, ya zarce kan bango, ido a lumshe, kamar akwai sauran hanya a can wadda ba wanda ya taka.

To, kai da ka saurara, in kai ne a tsaye bakin rafin nan, da mutum a bayanka yana duba agogo, za ka nuna masa yashin?