Kaset ɗin Ishaya da tsohon da ya ƙi mutuwa

Ba yaƙi ne ke cinye tarihin al'umma ba, laima ce. Na san haka domin wani yanki na tarihin Kudancin Kaduna yana ƙarƙashin gadona a Kafanchan, cikin kwalin sabulu, yana yin fumfuna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Ishaya, malamin labarin ƙasa, wanda ya gaji da alli ya sayi kyamara. Ya ji labarin wasu tsofaffi huɗu a kan dutse, ta wajen Kagarko, waɗanda su kaɗai suka rage da sanin narka tama ta zama ƙarfe. Ba sa barin baƙo ya leƙa murhunsu, balle ɗan boko mai zuwa coci. Ishaya ya ajiye kyamara, ya yi musu zugar wuta har hannunsa ya yi kanta. A hankali ake shafa gemun damisa. Da suka yarda ya ɗauki aikinsu a kaset, sharaɗi ɗaya suka kafa: kada idon kowa ya ga fim ɗin sai bayan ƙasa ta rufe dukansu.

Uku sun cika nasu, ƙasa ta rufe su. Ishaya ma ya bi su, ya bar mini kwalin da alkawarin.

Ina tunanin me zai ce da ya ga yau, inda yaro zai ɗauki jana'izar kakarsa da waya, duniya ta gani kafin a rufe kabari. Ishaya ko matarsa bai nuna wa fim ɗin ba.

Wani mai gyara a Sabon Tasha ya duba kaset ɗin ta waje, ya ce in aka ƙara damina ɗaya, sai dai a zubar. Juye shi kuwa dole sai ya kalla. Sai na hau dutsen wurin na huɗun, Baba Tagwai, na durƙusa da gwiwoyin da likita ya hana durƙuso.

“Baba, a yi haƙuri a sake mu. Abin yana lalacewa.”

“Ai da Ishaya na yi magana, Malam, ba da kai ba. Sai dai ya zo da kansa.”

Ni dattijon ikilisiya ne. Ban san addu'ar da zan yi ba, kuma ina tsoron wadda zuciyata ke yi.

Ana cewa alkawari kaya ne. Watakila abin da ya rage na Ishaya ke nan: mutumin da ya ga abin da ba wanda zai sake gani, ya kama bakinsa.

Hadari ya fara haɗowa tun makon jiya. Baba Tagwai kuwa ya shuka citta.