Ruwan Sukarin da Baba Bai Sha Ba

Tun da aka buɗe madatsar Goronyo mahaifina yake tsaye cikin ruwa, yana yi wa albasa da shinkafa ban-ruwa. A nan tsargiya ta shige shi, ta yi shekaru tana cin hantarsa ba mu sani ba. Mu dai mun ga ciki yana tasowa, wuya yana ramewa, maƙwabta suna tsokanarsa wai noman rani ya karɓe shi.

A asibiti a Sakkwato likita ya ce jijiyoyin cikinsa sun kumbura, suna iya fashewa kowace rana. Aikin tiyata zai hana, amma sai in hantar za ta jure wuƙa. Gwajin jini zai faɗa: akwai sinadarai biyu da hanta ke yi, keton ake ce masu, in an gwada wannan da wancan sai a gane sauran ƙarfinta. Sharaɗi ɗaya ne, ba a ɗibar jinin da yunwa, don yunwa na ɓata awon. Aka kawo wa Baba kofin ruwan sukari, ni kuma na fita sayen sirinji. Da na dawo kofi wayam.

Sakamako ya fito da muni. Likita ya ce ba zai taɓa shi ba.

A hanyar gida, dab da Wurno, aka kira magariba. Baba ya zaro dabino daga aljihu, ya yi bismilla. Sai a lokacin na tuna ranar Litinin ce.

"Baba, azumi kuka yi? Ruwan sukarin fa?"

"Na ba wata tsohuwa da ad dab da ni, ƙishi taka ji," in ji shi. "Azumin nahila ba a shelatai, ɗana. In ka hwaɗi, mi yar rage maka?"

Na yi fushi, irin wanda ba a iya nuna wa uba. Amma a ƙarƙashin fushin murna nake, don ashe ƙarya takardar sakamakon ta faɗa. Har gida na riƙa maimaita wa kaina haka, ina kauce wa kallon ƙafafunsa da suka cika takalmi.

Muka koma wata Laraba. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce mai irin wannan hanta ba shi ba azumi, ko na Ramadan. Na tsaya a kan Baba kamar mai gadin shuka har ya shanye kofin tas.

Da yamma likita ya kira mu. Ya jera takardun biyu a gabansa, ta da da ta yau, ya daɗe yana dubawa. Wannan karon bai yi faɗa ba, har ya jawo wa Baba kujera da hannunsa. Nan na gane ta yau ba ta fi ta da ba.

Baba ne ya fara magana.

"Likita, gobe Alhamis. In ɗauki azumi?"

Likita ya haɗe takardun, bai dube ni ba.

"Ku ɗauki abinku, Baba."