Ranar da Biri Ya Ƙwace Mana Takardar Hanya

Ana idar da sallar asuba muka fito daga lungunmu na unguwar Mansur, ni a kan sitiyari, Baba a gefena rungume da agogon awon lokaci da fulas ɗin shayi. Motar tasa ce, tsohuwar Marsandi ruwan madara wadda ta girme ni, da ita ya shekara talatin yana jigilar alhazai. Tun da idonsa ya daina ganin nesa likita ya hana shi tuƙi. Ni kuwa watana takwas kacal da karɓar ruksa, wato lasisin tuƙi, bayan an ba mata izinin tuƙa mota. Bai taɓa barin hannuna ya kai ga motar nan ba, sai da ya ji za a yi gasar tsofaffin motoci zuwa Ɗa'ifa, ya rasa direba.

Masu tambayata ko na yi gudu, gasar ba tsere ba ce. Takardar hanya ake ba ku, a ce daga nan zuwa can ku riƙe kilomita arba'in a awa. Alƙalai na laɓe a hanya da agogo. Ka riga lokaci da sakan ɗaya a rage maka maki, ka makara ma haka.

A gindin dutsen Hada aka taru, wajen iyakar harami, saboda baƙin da suka zo daga Jidda, waɗanda ba Musulmi ba ne. Motoci ashirin da 'yan kai, kowace na ƙyalli kamar amarya. Muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa mai zafi, na riyal biyar. Wani dattijo ya leƙo ya ga ni ce direba, ya ce wa Baba, "Allah ya ba ka haƙuri." Baba ya ce amin, har da shafawa.

Hawan Hada kwana ne bayan kwana, rami a gefe guda, dutse a ɗaya gefen. Baba, mutumin da aka sani a tasha da gudu, yau shi ne ke cewa, "Shuwayya shuwayya, a hankali, Uwata, kin wuce da sakan uku!" Ƙafarsa kuwa sai taka birkin da babu shi take yi. Duk da haka muka kai sama lafiya, makinmu bai yi muni ba.

A can aka ba mu hutun rabin awa. Hazo ya sauko, sanyi na ratsa abaya, masu rumman da gasasshiyar masara sun jeru a bakin titi. Birai kuwa sun fi mu yawa. Laifina ne, ni na bar gilashi a buɗe, ni kuma na cusa takardar hanya cikin ledar sauran tamis. Kafin mu waiga, wani ƙaton biri ya sure ledar ya haye dutse, ya zauna yana cin gurasar yana kallonmu.

Masu shirya gasar suka ce ba su da wata, ko mu janye ko mu ci gaba haka. Hawaye ya cika min ido. Na ce, "Baba, ka yafe min, na ɓata maka rana."

Ya kurɓi shayi, ya ce, "Na karanta ta tun da safe. Kuma na bi hanyar nan kafin a haifi wanda ya rubuta ta. Yalla, tayar da mota."

Haka muka shiga zango na biyu, zuwa gonakin wardi na Shafa. Baba na kallon agogo yana lissafi da baki: masallaci mai koriyar ƙubba a minti na shida, a karya dama bayan mai sayar da zuma. Kuma sai in ga abin ya bayyana daidai inda ya faɗa. Wuri ɗaya ya sha shi, wani sabon shataletale da aka gina bayan ya ajiye tuƙi. Sau biyu muka zagaye shi, alƙali na dariya, kafin na hango allon Shafa na ce, "Nan ne!" Bai yi musu ba. Ya ce, "Bi idonki."

Mu ne na tara. An ba mu kwalbar ruwan wardi, muka ci salik, shinkafar da ake dafawa da madara da kaza, har na kasa tashi. Dattijon nan na safe, wanda ya zo na goma sha huɗu, ya zo da kansa ya taya mu murna, ya ce mabruk.

Bayan la'asar muka gangaro. Tun kafin kwana na uku na ji shiru, na saci kallo, ashe Baba ya jingina kai yana minshari. Bai farka ba sai a ƙofar gida, ana kiran magariba. Da na ba Umma labari, ba birin ne ya ba ta mamaki ba. Riƙe baki ta yi ta ce, "Barci? Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, ko a motar ƙaninsa bai taɓa runtsawa ba."

Na koyi cewa isa a kan lokaci ya fi gudu wuya, kuma ba a haɗa takarda da abinci a ƙasar birai. Amma maganar Umma ce na kwana ina juyawa.