Rigar Madaci

Har yau idan ɗaci ya taɓa harshena, ko na ƙwayar zazzaɓi ne, Kaka Ige nake tunawa. Ita ce mahaifiyar babanmu, kuma ita ce mai sassaƙen magani a ƙauyenmu da ke bayan Birnin Tsaba. Tsohuwa ce 'yar firit mai faɗan tsiya. Gizagonta na rataye a bakin ɗaki, ko babanmu bai isa ya taɓa shi ba. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta ajiye ƙwaryar jiƙo kusa da ƙafarta, mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta. Sharaɗinta guda ne: babu mai jin tatsuniya sai ya kurɓi jiƙon madaci.

"Ku dubi angon nawa," takan ce idan na yamutsa fuska. "Kurɓi guda shina hawaye. Wanga miji ko kaza ba ya iya tsare min."

Daga nan sai ta buga kara a ƙasa ta ce, "Ta iso, ku ba ta wuri." Mu yi tsit.

Tatsuniyar da ta fi yawan ba mu ita ce ta wata mata da ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Ta rasa inda za ta sa kanta, ta tafi gindin madaci ta zauna tana kuka. Madaci ya ji tausayinta. A nan Kaka takan kumbura murya: "Rigata guda ce, baiwar Allah, amma yanki kaɗan daga gabas, kaɗan daga yamma, ki shafa min laka a wurin. Kada dai ki zagaye ni, don ta cikin rigar nika shan ruwa." Matar ta yi yadda aka ce, yaro ya tashi. Wani mai haɗama ya ji labari, ya zo da buhu, ya saɓule wa madaci riga kakaf. Ya cika buhunsa ya tafi. Damina ta zo, kowane itace ya yi toho, ban da shi. Rannan 'yar mutumin ta kwanta ciwo, ya ruga gindin madaci, ya tarar da busasshen kututture.

"Kaka, ɗiyar ta mutu?" mukan tambaya.

"Ku tambayi uban," in ji ta, ta watsa wutar.

Madacin ba na tatsuniya ba ne kawai. Yana nan a bakin rafinmu, ƙato, kuma abin da take faɗa shi take yi. Za ta yi masa sallama, ta sassaƙi gabas, ta sassaƙi yamma, ta ɗebo laka ta shafe raunin kamar mai yi wa jariri wanka. Na ga ranar da ta bi wani ƙaton magidanci da gizago don ya sassaƙa ya tafi bai shafa ba.

Sai 'yan bindiga suka addabi yankinmu. Muka kwashe abin da ya samu muka dawo Ƙaura Namoda, inda nake ɗinki. Kaka ba ta taɓa yafe wa garin nan ba. Ruwansa ba daɗi, mutanensa ba sa gaisuwa, komai dai da laifinsa. Da ciwo ya kwantar da ita, maƙwabciyarmu Maman Bulus, wata Kirista ma'aikaciyar jinya, ta riƙa zuwa da allura da ƙwayoyi. Kaka takan haɗiye don kunyarta. Amma wata safiya ta riƙe min hannu.

"Ango, ka tahi ka ɗebo min sassaƙen madacina. Ba warkewa nika nema ba. So nika in san shina nan."

Babanmu ya ce hauka ne, hanyar ba ta biyuwa. Ni ma na sani. Amma na hau babur na tafi, gizagonta ɗaure a baya.

Tun daga nesa na ga babu ganye a kan madacin. Da na matsa, sai na ga an kewaye shi da sassaƙa tas, daga gindi har inda hannun mutum ke kaiwa, ya yi fari fat. Na zauna a gindinsa. Malam Ɗanjuma, ɗaya daga cikin tsofaffin da suka ƙi barin gari, ya same ni a zaune a wurin.

"Kada ka zagi kowa, ɗana," ya ce. "Mun san ƙa'ida. Hanyar asibiti ta rufe, kowa nan yaka zuwa. Gabas ta ƙare, yamma ta ƙare, ga yaro jikinai kamar wuta. Kai mi za ka yi?"

Na miƙe. Na taka dutse na ɓamɓaro busasshen ɓawo daga sama, na sa a aljihu.

A hanya na shirya ƙaryar da zan yi mata, amma ba ta yi amfani ba. Na sa mata ɓawon a tafin hannu, ta juya cikinsa, ta kankare da farce. Na mai rai ja ne, da danshi. Wannan kuwa gari ya zubo.

"Sun zagaye shi," ta ce.

Na faɗa mata abin da Malam Ɗanjuma ya ce. Ta kalli rufin ɗaki, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

"Yaran da anka jiƙa ma, sun tashi?"

"Wasu sun tashi, Kaka."

Ba ta kai ƙarshen watan ba.

Yanzu yarana sukan dame ni in ba su tatsuniyar madaci, kuma nakan fara. Amma da na iso kan mutumin nan mai buhu sai maganar ta maƙale min. Ina yaro na ɗauka mugun mutum kaɗai ke kashe abin da ke rayar da shi, kuma na tsani mutumin nan iyakar tsana. Yau na san waɗanda suka kashe madacinmu. Da su muka kurɓi jiƙo a gaban wutar Kaka, sun haddace gabas da yamma kamar yadda na haddace. An toshe musu kowace hanya ne, aka bar su da itace guda. Wannan ke ci min zuciya, don babu wanda zan kama da laifi a cikinsu.

Abu guda ke sanyaya min rai. A ranar da na dawo, har na kai bakin ƙofa ta kira ni da 'yar muryar da ta rage mata.

"Ango, inda ka ɓamɓara, ka shafa mishi laka?"

Itacen ya mutu, rafin ma ya kusa ƙafewa, amma kafin in baro wurin sai da na tona na samo laka.

"Na shafa, Kaka."

"Madalla," ta ce, ta juya fuskarta bango, ɓawon damƙe a hannunta.